Audugar Cikin Barewa

Ana dab da magariba, kaji sun fara shiga akurki, Hajo na zaune a tsakar gidanta a Ƙarfi tana ninke sabon majanyin da masaƙi ya aiko, sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta buɗe baki za ta zagi yaran maƙwabta, na biyu ya sauka a gaban ƙafarta. Daga sama yake zuwa, a hankali, kamar ana ajiye shi. Mijinta Mudi ya ɗauka, ya ji shi da ɗumi.

Shafa'atu, 'yarsu tilo, ta zo goyon ciki, watanta ya kusa tsayawa. Ita ce ta fito daga ɗaki a lokacin, ta zare majanyin daga hannun uwarta, ta shinshina shi, ta fara rarrashin jariri da wata irin murya ta tsohuwa, wadda ba a taɓa ji a gidan ba. 

Daga ranar, kowace magariba haka. Duwatsu, sannan rarrashi. Abin da ya fi tayar da hankalin Hajo shi ne ɗan cikin ya daina motsi. Takan ɗora tafinta a kan cikin 'yarta ta yi ta jira, shiru. An yi hayaƙi, an sha rubutu, ko gezau. Sai Mudi ya ɗaura wa jaki akumari ya nufi Malumfashi wajen Malam Gwadabe.

Wannan malami kowa ya san shi da wani ɗaki da ya cika da halittun Allah, domin ɗalibansa su ga abin da suke karantawa da idonsu. Da kakar da ta wuce Hajo ta je suna garin, ta bi ayarin mata suka shiga kallo. Ta ga ƙwan jimina a rataye, da ƙahon ɓauna, da kan kada baki buɗe, da haƙorin giwa da ya kai ta tsawo. A lungu kuma ga barewa a tsaye, fata ce aka cusa wa auduga aka ɗinke. Ɗinkin cikinta ya ɗan farke, auduga ta zubo ƙasa. To, Hajo kaɗin zare ne sana'arta, mai kaɗi kuwa ba ta ganin auduga a ƙasa ta wuce, hannunta kan riga hankalinta. Hajo ta tsince, ta soke a haɓar zane, ta dawo gida ta jefa cikin taskirar audugarta. Wallahi ko tunawa ba ta sake yi ba.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Ya sa aka shimfiɗa buzu a ƙofar ɗaki, ya zauna yana karatu ƙasa-ƙasa har rana ta yi ja. Duwatsu suka fara sauka kewaye da shi, bai ɗaga kai ba. Shafa'atu ta rarrafo ƙanƙame da majanyin, idanunta sun juye. Malam ya tambaya ko da wa yake magana, kuma me aka yi mata.

"Ka san ni, Gwadabe, a ɗakinka nake," in ji muryar, ashe aljana ce. "A cikin barewarka na haihu. Wannan matar ta kwashe shimfiɗar ɗana, ta murɗe ta zare. Sanyi ya hana shi barci. Na samo masa wuri mai ɗumi a cikin 'yarta, sai dai na ciki ya matsa."

Hajo ta durƙushe, tsoro ya hana ta ko kuka. Malam ya ce za a kawo auduga buhu guda, sabuwa fil. Aljanar ta yi dariya, ta ce tata take so. Ya ce ai ta gauraye da sauran zaren, ba mai iya tsince ta, sai dai ta ɗauki majanyin dukansa. Sai ta ce ta yarda, amma da saura. Ƙarshen zaren da Hajo ta gatsa da haƙori ta haɗiye, shi fa?

Malam ya ɗaga murya da karatu har aljanar ta yi ƙara, amma ta ƙi sakin maganar. Hajo ce ta miƙo hannayenta biyu.

"Waɗannan ne suka ɗauka. Ki bar mini jikana, ba za su ƙara taɓa auduga ba har in mutu."

Shafa'atu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan buzun. Hajo ta ɗora tafi a kan cikin 'yarta. Can sai ta ji an shure ta daga ciki, nan ne kukan ya zo mata.

Malam ya tafi da majanyin, ya cusa shi a cikin barewa, ya ɗinke da kansa. Shafa'atu ta haifi ɗa namiji lafiyayye. Hajo, wadda zarenta ya goyi rabin 'ya'yan unguwar, ita ta shiga maƙwabta kanta a sunkuye ta aro tsohon majanyi. Da shi aka goya jikanta.