Fasfon Auta Mai Walda

Sufeto bai gama cire hularsa ba wani saurayi ya faɗo masa ofis ko sallama babu, hannuwansa duk tabon tartsatsin walda.

"Ranka ya daɗe, an sace min fasfo. Da biza a ciki. Jibi jirgina zai tashi."

"Zauna."

Ina! A tsaye ya zayyana komai, yana kaiwa yana komowa. Auta ake ce masa, mai waldar ƙofofi da tagogi ne. Wata masana'antar haɗa jiragen ruwa a ƙasar waje ta ɗauke shi horon wata shida. Bizar koyon aiki aka ba shi, irin wadda sau ɗaya tak ake shiga da ita. In ranar buɗe horo ta zo ba ya can, gurbinsa ya zama na mai bi masa, kuma ko ɗan wane ne kai ba a yi maka sabon fasfo da sabuwar biza kafin jibi.

Shi ma Sufeto ba mutumin zama ba ne. A caji ofis ɗin nan kaf kujerarsa ce kaɗai ba ta tsufa ba. Ya mayar da hula, ya ƙwala wa Saja kira ya tayar da mota.

Gidan su Auta a hawa na biyu yake. Ƙofa lafiyarta ƙalau, ba alamar an taɓa makulli. Akwati na buɗe a kan gado, ga kwamfuta a kan tebur ba wanda ya ko matsar da ita.

"Ban da fasfo me aka ɗauka?"

Auta ya birkita kayan, ya tsaya cak. "Rigar sanyi mai kaurin nan. Da safar hannu."

Sufeto ya leƙa taga, rana na dukan kwanon maƙwabta. Ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki rigar sanyi cikin wannan zafin ba kasuwa zai nufa ba. Tafiya zai yi, kuma ya san irin sanyin inda za shi.

A falo mahaifiyarsu, Inna, tana share hawaye da bakin mayafi. Gefenta babban ɗanta ne zaune, ya ja hula har gira, ya rufe hanci da baki da takunkumi. Bature ake ce masa a unguwa, saboda ya taɓa zama a waje, a ƙasar da Auta za shi.

"Lafiya, takunkumi a cikin gida?"

"Mura ce, yallaɓai. Kada in shafa wa yaron ya tafi da ita." Ya yi ɗan tari. "Ejan ɗin da ya yi masa takardu za ku bincika. Na san halinsu. Su yi maka biza yau, gobe su sayar wa wani."

"Wane aiki ya kai ka waje?"

"Tsinkar 'ya'yan itace. Bizar kaka ɗaya."

"Da kaka ta ƙare ka dawo?"

Bature ya sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa, a hankali: "Dawo da shi aka yi, ɗana. Ya zarce lokacinsa da shekaru. Sun ce kada ya ƙara taka musu ƙasa."

Ofishin ejan cike yake da hotunan jirage da na dogayen benaye. Sufeto ya bar Auta a mota, ya shiga shi kaɗai. Ejan ya tarbe shi da fara'ar da ta yi yawa.

"Rabona da yaron nan tun ranar da na danƙa masa fasfonsa, yallaɓai. Mu aikinmu a fili yake."

"Ba wanda ya zo a kan tafiyarsa?"

"Ko mutum ɗaya."

Sufeto ya zaga teburin, ya taɓa labule, ya dawo. Na'urar sanyaya ɗaki na ta aiki, amma goshin ejan ya jiƙe. Sai ga Auta ya turo ƙofa, zaman motar ya gagare shi. Sakatariya ta ɗago kai daga kwamfuta.

"A'a! Har yanzu ba ka tafi filin jirgi ba? Yau da yamma fa ne!"

Ejan ya yi tsuru-tsuru.

"Malam," in ji Sufeto, "ka sake min bayani, amma na gaskiya."

"Jiya da rana ya zo, ya ce a dawo masa da tikiti yau. Na yi masa. Masana'antar ta hana a canza rana ba da saninta ba, in ta ji ta daina aiki da ni. Shi ya sa na rufe bakina, wallahi ba wani abu ba."

"Ni?" Auta ya dafe ƙirji. "Jiya tun safe ina kan tsani ina ɗaura ƙofar gareji. A tambayi kowa a layinmu!"

"Kai ne mana," in ji sakatariya. "Fasfo a hannunka, har na gwada hoton da fuskarka. Muryarka ce dai ta ɗan yi kauri."

Sufeto ya ja Auta waje. "Yayanka yana da gemu?"

"Sosai ma. Ko Inna ba ta isa ta sa ya rage shi ba."

"Yaushe rabon ka ga fuskarsa ba takunkumi?"

Auta ya dafe kai. "Tun shekaranjiya."

Da suka koma gida, Inna ta ce Bature ya fita sayen maganin mura. Da jaka a kafaɗa? E, da jaka. A ƙasan benen akwai shagon aski, Sufeto ya leƙa kai ba tare da ya shiga ba.

"Bature? Shekaranjiya ya zo," in ji mai aski, almakashi a hannu. "Ya nuna min hoton ƙanensa a waya, ya ce haka yake so, kada in ƙara kada in rage. Da na kwashe gemun nan ni kaina sai da na tsorata. Kamar an tsaga kara!"

Saja bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Sufeto na gaba yana buga yatsu a jikin ƙofa, yana duba agogo, yana zagin kowace danja. Lissafin ba wuya: muddin fasfon nan ya tsallaka a hannun wani, biza ta ƙone, sunan Auta kuma ya shiga baƙin jerin mutanen can, laifin da bai ji ba bai gani ba.

Zauren filin jirgi ya cika maƙil. Sufeto ya bi layin masu auna kaya da ido, har ya hango wani da rigar sanyi rataye a hannu, saura mutum biyu a gabansa.

"Auta!"

Mutumin ko gezau.

"Bature!"

Kafaɗunsa suka zabura. Ya juyo, ba takunkumi. Haɓarsa ta yi fari fat inda gemu ya daɗe yana rufe ta. Bai yi yunƙurin gudu ba. Da kansa ya zaro fasfon daga aljihu ya miƙa.

"Yaya," in ji Auta. "Ni za ka yi wa haka?"

"Kai da ka zauna a can," Sufeto ya ce, "ka fi kowa sanin ba hoto kaɗai suke dubawa ba. Yatsa za su ɗauka. Ko ƙofar farko ba za ka wuce ba."

"Na sani, yallaɓai."

"To don me?"

"In sun kama mutum, sukan tsare shi kwanaki kafin su dawo da shi. A wurin tsarewar ana barin iyali su ziyarce shi. Na zauna a ciki, na sani. Ina da 'ya a can. Tana rarrafe aka ɗauke ni, yanzu har ta shiga makaranta. Uwarta ta ce in na iso, ko a bayan gilashi ne za ta kawo min ita."

"Ni kuma fa?" in ji Auta. "Ka san hana ni shiga za su yi har abada."

"Na sani. Na yi ta cewa kai yaro ne, za ka samu wata ƙasar." Ya kasa haɗa ido da shi. "Ƙarya nake yi wa kaina."

Tausayi ya kama Sufeto, haushi ma ya kama shi, ya rasa wanne ya fi. Lasifika ta sanar da cewa an kusa rufe auna kaya. Sufeto ya kira ejan, ejan ya rantse tikitin ba ya canzuwa sau biyu. A ƙa'ida fasfon nan shaida ne, kabad ɗin caji ofis ya kamata ya kwana. Sufeto ya juya shi a hannu, ya ɗauki hoton shafukansa da waya, ya cusa wa Auta.

"Jirginka ke nan. In ka tsaya komawa gida, ka rasa shi."

"Inna fa? Ko sallama..."

"Ka kira ta daga ciki. Karɓi rigar."

Saja ya fito da ankwa. Bature ya roƙi a ba shi minti ɗaya, ya buɗe jakarsa. Ba komai a ciki sai riga ɗaya da wata 'yar leda. Ya ciro takalman yarinya ja, sababbi, ya miƙa wa ƙanensa da hannu biyu.

Auta ya tsaya yana kallonsu, hawaye na bin fuskarsa. Mai auna kaya ta ɗaga hannu tana kiran na ƙarshe. Auta ya karɓa, ya tura su aljihun rigar sanyi.

Ankwa ta rufe. Saja ya kama gwiwar hannun Bature ya nufi ƙofa da shi. Sun kusa fita Bature ya waiwayo, ya ɗaga murya har mutane suka juyo.

"Auta! Da ido na ƙiyasta ƙafarta, a hoto. In sun yi mata kaɗan, kada ka faɗa min."