Diddigen Auta

"Sau uku ke nan kina ɗaga ranar aurenmu, Auta. Yau dai sai na ji dalili."

Dogo ne ya tare ƙofar ɗakin canza kaya, jitarsa rataye a kafaɗa. Shekara biyu yana kaɗa wa ƙungiyarsu ta rawa, shekara biyun nan kuwa yana bin Auta kamar jela. Ga shi ya samu aiki a gari mai nisa, ƙarshen wata zai tafi, kuma ya rantse ba zai tafi gwauro ba.

Ta ci gaba da ɗaure gyale a ƙugunta, ta ƙi yarda su haɗa ido.

"Ka bari a gama gwaji mana. Ka san yau Shugaba zai zaɓi masu hawa dandamali."

"Wani ne ya shiga tsakaninmu?"

"Haba masoyina... ni ɗin?"

"To mene ne? Wallahi na gaji da kwana da zullumi."

Ta leƙa waje, ta rage murya, duk da ta san wanda take ɓoye wa maganar ko ihu ta yi ba zai ji ba.

"Baba ya daina ji."

Baba, mahaifinta, shi ne mai babbar ganga. Shekara talatin duk ƙafar da ta taka rawa a zauren nan hannunsa take bi.

"Yaya za a yi? Jiya ma tare muka yi kiɗa, ko sau ɗaya bai kauce ba."

"Diddigena na hagu yake kallo. In na buga ƙasa ya buga ganga. Shekara guda ke nan kiɗa ne ke bin rawa, ba wanda ya gane. Ka zaci banza nake nacewa sai na tsaya a gabansa?"

"Ki koya wa wata."

"In koya mata me? In ce ga ubana, kurma ne, ki riƙa jan sa? Gobe zance ya kai kunnen Shugaba, a sallame shi kamar tsohon tsumma. Kiɗan nan shi ne numfashinsa tun rasuwar Mama."

"Ni kuma fa?"

Tambayar ta soke ta har ƙahon zuci, don tana son mutumin nan so ba na wasa ba. Ta zare zobensa ta danƙa masa.

"Ka tafi, Dogo. Ka yafe min."

Da ta ɗago kai sai ta hango Baba daga nesa, zaune yana ɗaure igiyar ganga, idonsa a kansu. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Aka shiga gwaji. Shugaba ya harɗe a kujera da takardarsa, 'yan rawa goma suka jeru, Auta ta kama wurinta na kullum. Sai ta ga Baba ya ɗaga kujerarsa ya juya ta, ya fuskanci bango.

A haka ba zai ga diddigenta ba.

Ya ɗora sanda a kan fata. Bugun farko ya tafi daidai, na biyu ma haka. Can sai gangar ta fara gudu ta bar jita a baya. Na hagu suka bi ganga, na dama suka bi jita, wata ta taka wata. Auta ta dinga dukan ƙasa da diddige har ya yi zafi, amma wa zai gani?

Shugaba ya ɗaga hannu. Kowa ya tsaya, zaure ya yi tsit, in ban da Baba da ke ta kiɗansa shi kaɗai, gumi na bin wuyansa. Wata yarinya ta fara dariya, Dogo ya watsa mata harara ta haɗiye.

Auta ta taka ta dafa kafaɗar mahaifinta. Ya ajiye sandar, ya juyo, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Shugaba, ka gani da idonka. Kunnuwana sun mutu tun bara, yarinyar nan ce ke ɗauke da ni. Ka nemi wani makaɗin. Kai kuma Dogo, ranar nan ba za ta sake ɗaguwa ba."

"Baba, don me?" Kuka ya ci ƙarfinta, ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

Ya tallafo fuskarta don ya ga bakinta sosai.

"Faɗa min gaskiya, Auta. Kiɗan ya yi muni ƙwarai?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba a tafin hannunsa.

"Ƙarya kike, 'yar nan," ya ce yana murmushi, nasa idon ma ya cika. "Tashi ki je, mijinki na jira."