Numfashin Mai Sharhi

"Auta, ke za ki duba mana wannan. Matso!" in ji malamarsu, suna tsaye a ɗakin majinyata na asibiti.

Auta ta matso tana gyara farar rigarta, sauran ɗalibai suka buɗa mata hanya. Nas ɗin da ke kula da ɗakin ta ja labule tana wani irin murmushi.

Nan Auta ta ga wanda ke ciki.

Shi ne...

Zaune yake a bakin gado, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya ɗago suka haɗa ido, ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mai Sharhi! Mutumin da a da, in ana buga ƙwallo, kowane shago muryarsa kake ji a rediyo. In ƙwallo ta faɗa raga yakan ja "Ta shigaaa!" har yaran layi su gaji da tsalle bai tsaya ba. Saura kaɗan a sa musu rana da Auta mota ta kife da shi. Haƙarƙarinsa ya karye, jijiyar da ke motsa ɓangare guda na numfashinsa ta lalace. Ya tashi, amma ba da muryarsa ba.

Sau ɗaya ta je duba shi. Ta tarar da shi yana kokawa da sunanta, yana haki tsakanin gaɓa da gaɓa, ta fito da gudu tana kuka. A gida Umma ta ce, "Ba zan kai autata gidan jinya ba." Yaya ya ce, "Wanda bakinsa ne jarinsa, bakin ya mutu, me ya rage?"

Ita kuwa ba ta ce uffan ba. Daga ranar ta daina amsa saƙonsa.

"Muna jiran ki," in ji Malama, likitar da ke koya musu gyaran magana. "Me ke hana shi doguwar magana?"

Auta ta buɗe baki. Ta san amsar kamar yunwar cikinta, amma iska ta maƙale mata a ƙirji, ko tari ya ƙi fita.

"Ja... numfashi," ya ce a hankali. Kafaɗunsa suka ɗaga, suka sauka. "Daga... ciki."

Aji ya fashe da dariya.

"Yau majinyaci ke duba likita!" in ji wani daga baya.

Auta ta sunkuyar da kai, idonta a kan takalminta, ta fara bayani.

"Akwai tantanin tsoka a ƙarƙashin huhu, shi ya raba ƙirji da ciki. Kamar kwano yake a kife. In za mu ja iska sai ya sauka ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, huhu ya cika. In muna zaune shiru, shigar iska da fitarta ba su da wani nisa da juna. Amma in magana za mu yi, da sauri muke ja, sannan mu riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari suna riƙe ta kamar birki. Iskar nan ce ke bi ta maƙogwaro ta kaɗa igiyoyin murya. Shi kuwa... ɓangaren dama na tantaninsa ba ya sauka. Iskar da yake samu kaɗan ce, sai yana jawo ta da kafaɗa da wuya, shi ya sa yake saurin gajiya."

"Madalla," in ji Malama. "Tunda kin fahimce shi haka, na ba ki shi."

Suna fitowa Auta ta cim ma Nas a baranda. Ƙawarta ce tun makarantar kwana, gado ɗaya suka taɓa rabawa.

"Kin san shi ne, ba ki gaya min ba?"

"Ni ma na ba Malama shawarar ta ba ki shi."

"Don Allah me na yi miki?"

"Ni? Ba komai." Nas ta gyara hularta. "So nake ya kalle ki da kyau, ko zai fitar da ke daga ransa. Lokacin da kika gudu, ni na riƙa juya shi a gado, ni na riƙa ba shi magani a baki. Kuma na gaya masa abin da kika faɗa a ɗakinmu."

"Me na faɗa?"

"Au, har kin manta? 'Ina zan kai mijin da sai na yi zaman jira kafin ya gama sallama?'"

Auta ta dafa bango.

Ta faɗa. Wallahi ta faɗa! Ranar ƙawaye sun kewaye ta suna ta ba ta haƙuri, tausayinsu ya ishe ta, sai ta jefa maganar don su yi dariya su ƙyale ta. Sun kuwa yi dariyar.

Ashe tun tuni ya sani...

Haka suka fara aiki a ƙaramin ɗakin gwaji, tebur a tsakaninsu, hoton huhu a bango.

"Ɗora hannunka a kan cikinka. In ka ja iska, hannun ya tashi, kafaɗa ta zauna."

"To... Likita."

Likita. Bai taɓa kuskuren ce mata Auta ba, kuma duk sanda ya faɗa sai ta ji kamar an ɗiga mata ruwan zafi.

Ta koya masa ya ja iska kafin ta ƙare masa, kada ya matse ragowar da wuya. Ta koya masa ya yanka zance a inda ma'ana ta tsaya, yadda mai sauraro ba zai ji haki ba. Ta sa shi jan "sss" a hankali, tsokar ciki na turawa a ƙarshe. In ya gaji sai ya rufe ido, ita kuma ta saci kallonsa, ta ga tabon ɗinki ya leƙo ta wuyan riga, ta yi sauri ta kau da kai.

Wata rana ta kawo kofin ruwa da tsinken shan lemo.

"Hura a hankali. Kumfa ta riƙa tashi daidai, kar ta yanke."

Ya hura, ya hura, sai tari ya kama shi, ruwan ya fantsamo mata a fuska har gilashinta.

Suka kalli juna.

Sai ya fashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa.

"Da ina rediyo," ya ce, ya ja iska yadda ta koya masa, "da na ce mai tsaron gida ta sha ƙwallo a fuska!"

"Ka ji? Ka ji abin da ka yi? Da jan iska ɗaya ka faɗe ta, Gwanina!"

Sunan da take kiransa da shi a da ya kuɓuce mata kafin ta kama shi. Ta toshe baki.

Da zai tafi ya jira ta suka fito tare.

A bakin ƙofar asibiti suka tarar da motar Yaya. Ya sauke gilashi, ya ƙare wa mutumin kallo sama da ƙasa.

"Auta! Wannan ba shi ba ne? Me kike yi da shi?"

Auta ta waiga. Masu gadi na kallo, ɗalibai na wucewa.

"Majinyacina ne kawai, Yaya."

Ta ji lokacin da numfashinsa ya tsaya a gefenta. Bai dube ta ba. Ya gaida Yaya da hannu, ya tsallaka titi a hankali yana dafe da gefen ƙirji.

Bai sake dawowa ba.

"Ya ce a canza masa hannu," in ji Nas tana jera magunguna. "Kin huta, ya huta. Yayarsa ma ta fara kira na amaryarsu."

Auta ta shiga ofishin Malama ta zayyana mata komai, hawaye na bin kumatunta. Malama ta cire gilashi ta dube ta.

"Da kin faɗa min tun ranar farko, da ban ba ki shi ba. Ba a jinyar wanda ake so, kuma kin sani. Zan mai da shi hannun wani."

"Ki yafe min, Malama."

"Ni ba ki yi min komai ba. Ciwon huhunsa zan nema masa magani. Ɗayan kuwa ba na asibiti ba ne."

Da la'asar Auta ta tafi gidan su Mai Sharhi. Yayarsa ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya ta tare hanya.

"Kin zo ki ƙarasa shi ne?"

"Anti, don girman Allah..."

"Sau biyu! Ko maciji ba ya saran mutum sau biyu a wuri ɗaya."

"Bar ta... ta shigo," aka ce daga ciki.

Yana zaune a tsakar gida kusa da igiyar shanya. Kafaɗunsa sun koma ɗagawa kamar da, duk abin da suka gina ya fara rushewa. Ta durƙusa a gabansa, ta kasa ɗago ido.

"Na faɗi maganar da aka gaya maka. Ba ƙarya aka yi min ba."

"Na sani."

"Kuma na sake yi a gabanka."

"Gudunki na farko... ban riƙe ki ba. Ni ma... na tsani muryar nan." Ya huta. "Amma kunyata... kike ji, Auta."

"A da kunyarka nake ji," ta ce cikin kuka. "Yanzu kaina nake jin kunya. Ko madubi ba na iya kallo. Ka auri Nas, wallahi ta fi ni cancanta."

"Ta fi ki."

Maganar ta soke ta, amma ta gyaɗa kai.

"Na gaya mata... jiya. Ba zan biya... alherinta da ƙarya ba." Ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska sosai. "Ba ita nake so ba. Ke ce, da duk tsoronki."

"Gwanina..."

"Amma ba a ɓoye ba. In da gaske kike... a gaban Umma."

Ranar da ya zo, Umma na kan doguwar kujera a falo fuska a ɗaure, Yaya na gefe yana kaɗa makullin mota. Auta ta kawo ruwa, maimakon ta koma ɗaki sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Umma. 

"Umma, na zo ne..." Ya tsaya zai ja iska.

"Ka zo gaisuwa, mun gode," in ji Yaya.

"A'a. Na zo... a kan..."

"A kan Auta. Mun gane. Magana ta wuce tun..."

"Yaya, ka bar shi ya gama!"

Makullin ya daina kaɗawa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaga murya a falon nan ba.

"Ba majinyacina ba ne kawai," ta ce. "Ƙarya na yi maka don tsoro. Shi nake so tun farko, kuma ni na ci amanarsa, ba ku ba. Ku dai kun faɗi ra'ayinku, ni ce na yi shiru. Don Allah ku saurare shi."

Umma ta ɗaga wa Yaya hannu.

"Faɗi, ɗana. Ba inda za mu."

Ya faɗa. A hankali, yana tsayawa inda ya kamata, hannunsa a kan cikinsa. Ya ce ba zai sake sharhin ƙwallo ba, ya haƙura da wannan. Ya ce gidan rediyon sun mai da shi sashen tsara shirye-shirye, yana horar da matasan da za su gaje shi. Ya ce huhunsa ba zai koma kamar da ba, ba zai ɓoye musu ba. Ya ce abin da ya rage masa na numfashi, yana roƙon a ba shi Auta ya ƙarar da shi tare da ita.

Zufa ta jiƙa masa goshi kafin ya kai ƙarshe. Babu wanda ya katse shi.

 Umma ta tura masa kofin ruwa, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ka gama?"

"Na gama, Umma."

"To ni ma ku bar ni in ja nawa numfashin. Masu cikakken huhu da yawa sun zauna a kujerar nan, babu wanda ya faɗa min gaskiya kamar kai."

Yaya ya tashi ya fita yana gunguni, amma shi ya mai da baƙon gida a motarsa.

Bayan Auta ta gama karatu aka ɗaura aure. Nas ba ta zo ba. Auta ta je har ɗakinta ta yi mata godiyar jinyar da ta yi masa, Nas ta saurare ta a tsaye, ta ce, "Ki riƙe shi da kyau," ta rufe ƙofa. Ba su sake zama ƙawaye ba, kuma Auta ba ta ga laifinta ba.

Maƙwabta sukan ce ba su taɓa jin hayaniya a gidan ba. Ba wai ba sa saɓawa ba ne. Sai dai in ya fara nasa faɗan, takan zauna ta naɗe hannu ta jira shi, yana faɗa yana hutawa, kafin ya kai ƙarshe nata fushin ya huce.