Ɗakin Tattabarun Baba

Tarin Baba ne kawai ake ji a falon. 'Yar Lab, kamar yadda ƙannen saurayinta Dogo suke kiranta saboda aikinta a ɗakin gwaje-gwaje, ta durƙusa gaban mahaifiyarsa. Bikinsu ya matso, ga shi ta zo da maganar da za ta iya rushe shi.

"Mama, ba tarin fuka ba ne, shi ya sa maganin ya ƙi ci. Likita ya aiko mana da ruwan huhun Baba, na'urarmu ta karanta jerin ƙwayoyin halittar abin da ke ciki. Wata irin fumfuna ce mai yaɗuwa a busasshen kashin tattabaru. Sai an sauya magani, a kuma fitar da tsuntsayen."

Mama ta tafa hannu. "Iye! Tattabarun da yake kiwo tun kafin a haife ki? Ko share ɗakinsu ba ya bari wani ya yi! Ba ki shigo ba kin fara yi mana kwashe-kwashe?"

"Haba Mama..." in ji Dogo.

"Rufe min baki! Ko ta janye wannan maganar, ko a janye bikin!"

A bakin ƙofa Dogo ya tare ta, idonsa jajir. "Don Allah ki ce mashin ɗin ne ya yi kuskure. Mu samu a ɗaura tukuna."

"In na faɗi haka, gobe da safe Baba zai koma ya shaƙi ƙurar nan. Gara in rasa ka da ka rasa shi."

Aka ɗage bikin. Ta sha kuka a bayan na'urarta, ba ta kira Dogo ba, ba ta kuma janye maganar ba. Ashe Baba daga ɗaki ya ji komai. Ya karɓi sabon maganin, tarin ya yi ta ja da baya.

Ranar da ya iya miƙewa ya sa aka kira ta. Yana daga nesa, hanci a rufe, aka kwashe tattabarun zuwa gonar ƙaninsa. Hawaye ya sauko masa.

"'Yata, kowa ya ji tsoron ɓata min rai, ke kaɗai kika ji tsoron mutuwata."

Mama ta kama hannunta, ta ce a sake sa ranar bikin.

Yara, mai ƙaunarku na gaske yakan yarda ya ɗauki fushinku don ya tsira da ranku. In ya yi haƙuri, wata rana ku da kanku za ku neme shi.