Maɓallin da Kaka Ta Ajiye

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ya sa a gida ake ce mini Tabarau. Amma abin nan ya tokare mini ƙirji, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Rigimar ta fara ne ranar da na gaya wa Baba cewa Dogo, wanda nake so, zai zo gaishe shi.

"Soja?!" Baba ya dire kofin shayinsa. "Gidan nan mun ba yaƙi mutum ɗaya. Ya isa!"

"Baba, yana da hankali fa..."

"Ubana ma ance yana da hankali. Kin taɓa ganinsa?"

Ban taɓa ba. Shi ma Baba bai taɓa ba, Kaka na da cikinsa aka tafi da mahaifinsa. Abin da muka sani kaɗan ne: direban soja ne mai kwaso waɗanda suka ji rauni, kuma yana son waƙa duk da muryarsa ba daɗi. Ko hotonsa babu. Sai maɓalli guda na rigarsa, a gwangwanin allurar Kaka.

Safiyar tafiyarsa maɓallin ya tsinke. Kaka na zura zare, motarsu ta tsaya a bakin titi. Ya ce, "Ajiye, in na dawo kya ɗinka." Ta ajiye. Shekara da shekaru.

Dogo ya zo cikin kayan aikinsa, ya ɗosana a bakin kujera. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ni ina raɓe jikin labule.

"Baba, za a tura mu bakin daga," in ji Dogo. "Na ce kada in tafi ban gaishe ku ba."

Sai ga Kaka da sandarta.

"Kai ne za ka raba ni da mai karanta mini labarai? Sunkuyo, idona ba ya hawa bene!"

Ya durƙusa yana murmushi. Ta shafa kafaɗarsa, ta gangaro ƙirjinsa, sai hannunta ya tsaya. Maɓalli ɗaya na lilo a bakin zare.

"Ba komai, Kaka," ya ce. "In na dawo a gyara."

Kaka ta riƙe rigarsa gam.

"Ba ka isa ba!" Muryarta ta karye. "Tabarau, gwangwanina!"

Na fito na kawo gwangwanin, na zura mata zaren. Ta gutsure maɓallinsa da haƙori, ta ɗauko tsohon nan na mijinta da ya dushe, ta hau ɗinki a jikinsa.

"Kaka... bai yi kama da sauran ba. Oga zai yi faɗa."

"Ka turo mini shi. Kuma aro na ba ka, ka ji? Da ƙafarka za ka dawo mini da abina."

Baba ya juyar da fuska yana goge ido da hannun riga. Can ya ce, a hankali, "In ya dawo da shi... sai mu yi maganar."

Duk suka zuba wa allurar ido. Ni kaɗai na ga maɓallin Dogo ya gangara ƙarƙashin kujera. Na tsugunna na ɗauka, na dunƙule shi a hannu, na zame ta bayan labule kafin wani ya waiwayo.