Warin Tafarnuwa a Bakin Mas'ud

Ranar kasuwar Anka Surayya ta fara ganinsa. Tana zaune bayan tiren awarar Innarta, ya zo ya saya, ya ci a tsaye, ya sake saye, ya sake ci, har ta gane ba yunwa ce ta tsayar da shi ba. Ya ce sunansa Mas'ud, ɗan Adabka ne, yana haƙar zinare da abokansa a dajin Bukkuyum.

Jin sana'ar tasa gabanta ya faɗi. Ita 'yar Sunke ce. A shekarar gubar dalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙannenta biyu suka rasu. Tun daga nan mahaifinta Malam Sambo ba ya ko son a ambaci rami a gabansa. Duk da haka, da Mas'ud ya roƙi lambarta, ta faɗa masa tana kallon ƙasa.

Saƙonsa na farko ya ce: "Tauraruwata, awarar ta ƙare amma mai awarar ta ƙi fita raina."

Ta karanta ya fi a ƙirga, ta amsa da cewa: "Allah ya tsare ka a ramin nan."

Soyayya ta yi ƙarfi. Wata rana ya kira ta da murna, ya ce sun ci karo da wani dutse mai sheƙin azurfa, wanda da suka niƙa shi, zaibar da suke kama zinare da ita ta ƙi kama komai daga garinsa, har abokansa suka ce na banza ne. Shi kuwa ya jefa guntu cikin garwashi, farin hayaƙi ya tashi, sai ga zinare yana tsattsafowa kamar zufa. Ya yi kwanaki yana gasa dutsen, yana lissafin lefe.

Ranar da ya zo gaida iyayenta ya sha wanka da turare, amma yana buɗe baki zaure ya cika da warin tafarnuwa. Inna Marka, mahaifiyar Surayya, ta tambaye shi ko ya ci ne, ya rantse bai ci ba. Ya dawo wani mako, warin na nan, har a zufarsa.

Junaidu, ɗan ƙanin Malam Sambo, wanda ya daɗe yana son Surayya, shi ya baza magana a gari cewa gubar dutse ta shiga jinin yaron, yana cin tafarnuwa a ɓoye don magani. Malam Sambo ya kira ɗiyarsa.

"Na binne biyu," ya ce a hankali. "Ba ni ba da ke ga wanga yaro, in koma binne jikoki."

Surayya ta daina cin abincin kirki. Abin da ya fi cin ranta, ita ma ba ta san gaskiyar ba. In Junaidu ya yi daidai fa? Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa:

"Ka je asibiti a auna jininka. Ko mi aka gani ka faɗa min. Ba na iya barci."

Sai da la'asar ya amsa: "Tsoro nake ji, Tauraruwata. Amma zan je."

Ya je da guntun dutsen a aljihu. Da sakamako ya fito, bai tsaya ko'ina ba sai zauren Malam Sambo, Surayya na laɓe bayan ƙofa. Ya ce likita ta ce dalmar jininsa ba ta kai ta damuwa ba. Da likitar ta ji warin, ta ga dutsen, ta kuma ji labarin hayaƙin, ta ce ya yi kama da wani ma'adini da ake kira teluriyam, wanda ba kasafai ake samunsa ba, yakan haɗe da zinare cikin dutse. Wanda ya shaƙi hayaƙinsa yakan daɗe yana warin tafarnuwa. Ta gargaɗe shi ya bar gasa dutsen, warin zai tafi da kansa.

Malam Sambo ya dube shi.

"Kenan in ka koma ga hayaƙin, warin shi dawo?"

"Haka ta ce, Baba."

"To, ba sai ka yi min rantsuwa ba. Ka bar ramin, ka koma gonarku. Duk Juma'a ka zo ka zamna kusa da ni. Ranar da hancina ya daina jin komi, ka turo manyanka."

Abokansa suka yi ta kiransa, suna cewa wa ke barin zinare yana tsattsafowa? Surayya ta san suna kira, kuma duk Juma'a da fargaba take kwana. Damina ta sauka, geronsa ya fito, warin na raguwa amma bai tafi ba. Inna Marka kan karɓi hularsa wai za ta duba ɗinki, ta kai hanci.

Wata Juma'a bayan an yanke gero, Malam Sambo ya matso kusa da shi, ya sa shi ya karanta Fatiha da ƙarfi. Malam Sambo ya ja numfashi, ya sake ja, bai ji warin ba. Sai ya juya wajen ƙofa.

"Surayya, na san kina nan. Je ki ce wa Innarki ta fara neman tukwanen aure."

Aka ɗaura aure a Sunke, Malam Sambo da kansa ya yi addu'a: Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya, ya raya musu su. Jama'a suka shafa da amin.