Gaisuwa Daga Saman Tsani

"Wai ni kika aura ko firji?"

Sista ta ƙara damƙe ƙarfen tsanin da hannun hagu, wayar na manne a kunnenta, iska na neman fizge mata ɗankwali.

"Haba Nawan, wace irin magana ce wannan? Na san kwana uku kawai ka ce in zo gida in yi, amma wa zan bar wa alluran?"

"Umma ta gaji! Ta ce wata biyar ba ki taka gidanta ba, in kin kira kuma minti ɗaya kin kashe kamar ana korar ki. Ta ce ki zaɓa, ko aikin ko..."

Ƙit! Layin ya katse. Ta ɗaga wayar sama, ta juya ta gabas da yamma, ko ɗigon sabis babu. Haka ta sauko a hankali idonta cike da ƙwalla.

Wata biyu da aurenta da Tela aka turo ta wannan ƙaramin asibiti, can arewa inda kwalta ta ƙare. Mota sau ɗaya take shigowa a mako. Abokiyar aikinta ta tafi hutun haihuwa, aka bar ta ita da firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, wanda dole a duba sanyinsa safe da yamma. Ya ɗumama kwana ɗaya, alluran yaran gari sun tashi aiki.

Da farko kaɗaici ya so ya haukata ta. Mutanen garin kirki ne da su, sai dai yarensu daban, gaisuwa kawai take tsinta. Sai ta raɗa wa firjin suna Yallaɓai, kullum da safe ta tambaye shi ya ya kwana, shi kuma ya amsa da gurnaninsa. Daga baya mata suka fara koya mata kalmomi, ta faɗa a karkace, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta fara son garin ba tare da ta ankara ba.

Abu ɗaya ta ɓoye wa gida. Duk faɗin garin babu inda waya ke kamawa sai saman tsanin tankin ruwa. Ta san halin mijinta, da ya ji zai hana ta hawa, in ta daina hawa kuma ina za ta ji muryarsa?

Kwana uku bayan rigimar sabis bai dawo ba. Ta rubuta takardar ajiye aiki tana kuka, ta linke ta sa a aljihun farar rigarta. Tana son aikinta, amma ba za ta iya rasa Tela ba. Ranar Alhamis za ta miƙa wa direba ya kai ofis.

Alhamis kuwa ranar allura ce. Tun da hantsi baranda ta cika da mata, kukan jarirai ko'ina, Sista na tsakiya tana zuƙo allura tana lallashi. Ta ji tsayuwar mota, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Salamu alaikum. Ina mai firjin?"

Saura kaɗan kwalbar ta suɓuce mata. Umma surukarta ce tsaye, fuska a murtuke, mayafi duk ya yamutse. A bayanta Tela yana sosa ƙeya, yana yi mata alama da ido wai ba laifinsa ba ne.

"Umma! Sannu da zuwa... ku shigo... wayyo Allah, ga layi..."

"Yi aikinki. Tafiya da ke na zo yi, zan jira."

Umma ba ta gama zama ba wata mata ta ɗora mata jariri a cinya, ta juya tana ɗaure zani. Umma ta buɗe baki za ta yi magana, ɗan ya cafke mata yatsa ya wangale dasashi. Shi ke nan! Kafin azahar ita ke riƙe ƙafar yara ana yi musu allura, har tana yi wa Tela tsawa ya matso da auduga.

Da aka watse suka shiga ɗakin Sista. Gado ɗaya, tebur ɗaya, kujera biyu. A jikin ɗaya kujerar an rataye shuɗiyar rigar Tela, an ajiye kofi a gabanta.

"Ashe nan take! Wata biyar ina neman rigar nan!" in ji shi.

Sista ta rufe fuska da tafin hannu. "Tare muke shan shayi," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Tela ya yi dariya, sai kuma ya tsaya yana kallon kofin. Umma ta kau da kai, ta zaro wayarta.

"Bari in shaida wa Babanku mun sauka. A ina ake samun sabis?"

Sista ta hau gyara zaman kofin a kan tebur.

"Da ke nake, 'yar nan."

Ba yadda ta iya, ta kai su bayan asibiti, ta nuna da yatsa. Umma ta bi tsanin da kallo tun daga ƙasa har can inda ya ƙare, sai da ta dafe mayafinta.

"A can?"

"A mataki na sha huɗu, Umma. In hannuna ya gaji ne nake kashewa."

"Kullum da kike gaishe ni da safe... a can kike?"

"Eh, Umma."

"Ni kuwa ina zaune a kan kujera ina cewa ba ki da ta ido!" Muryar Umma ta karye. Ta jawo ta ta rungume. "Yafe min, 'yata. Wallahi na ɗauki alhakinki."

Sista ta fashe da kuka, ta zaro takardar ta miƙa mata. "Na riga na zaɓa, Umma. Zan bi ku."

Umma ta karanta layin farko, ta cusa takardar cikin jakarta ta ja zif.

"Ki bi mu, wa zai yi wa 'yan jikokin nan nawa allura?" Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma kana kwance cikin inuwa kana kai min ƙara. Na ga matan garin nan, rabinsu da ɗinki a warware. Ni zan bi motar nan, kai kana nan. Mako mai zuwa zan aiko maka da keken ɗinkinka."

"Umma! Ko kayan sawa ban zo da su ba fa!"

"Kai ba tela ba ne?"

Direba ya danna hon. Suka raka ta har bakin mota, ta shiga tana jan kunnensu a kan cin abinci da rufe taga. Ta leƙo ta nuna Sista da yatsa.

"Daga yau shi zai riƙa hawa yana gaishe ni. Ke ki aiko shi da saƙo."

Motar ta yi nisa har ta ɓace. Tela ya matso ya kama hannun matarsa, ya juya tafin, ya ga kantar da ƙarfe ya yi mata. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa.

"Hasken idona, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Da ka hana ni jin muryarka."

"To ga ta nan na kawo miki har ƙasa," ya ce, idonsa ya yi ja. "Sai kin ce ta ishe ki."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana dariya, hawaye na zuba.

"Ba za ka taɓa jin na faɗa ba, Nawan."